Kullum ina gudu, amma a kilomita ta bakwai nake ƙarewa: ina matsalar take?

Baban Amira:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta abin da kuke rubutawa ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ishe ni. Shekarata 38, shekara biyu ke nan da na fara gudu. Kwana biyar a mako nake fita, kullum kilomita 6, hanya ɗaya, kuma kusan kullum minti 33 nake yi, wato minti biyar da rabi a kowace kilomita. Ina dawowa gida jiƙe sharkaf ina haki, a raina kuwa wannan ita ce shaidar na yi aiki. Kilomita 5 na taɓa yin ta a minti 26 cif.

Sau uku ina shiga tseren titi na kilomita 10. Na farko minti 59, na biyu 58, na ƙarshe awa ɗaya da minti ɗaya. Duka ukun labarin ɗaya ne. Na tashi da ƙarfi, har kilomita ta biyar jikina garau, da na shiga ta bakwai sai ƙafafu su yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse, mutanen da na wuce tun da fari su dinga wuce ni ɗaya bayan ɗaya. Yanzu kuma ƙwaurina na hagu ya fara ciwo. Saura mako goma wani tseren, kuma minti 55 nake nema. Me zan ƙara?

Auta Mai Wuta:
Wa alaikumus salam Yaya. Amsar tana cikin tambayar. Kana son minti 55 amma ba ka taɓa koya wa ƙafarka gudun da ya fi wannan ba. Ka samu fili mai zagayen mita 400, ka yi zagaye goma da ƙarfi, kana hutawa minti ɗaya tsakani, sau uku a mako. Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Ni da haka na sauko daga minti 48 zuwa 41.

Kawu Mai Sassarfa:
Baban Amira, sannu da ƙoƙari. Kafin ka ƙara komai, amsa min wannan. A gudun da kake yi kullum, in wani yana gefenka, za ka iya ba shi labari, jimla bayan jimla, ba tare da numfashi ya yanke maka magana ba?

Baban Amira:
A'a Kawu. Kalma biyu ko uku, sai in ja numfashi.

Kawu Mai Sassarfa:
To nan gizo ke saƙar. Duba lissafin da ka kawo da kanka. Minti 55 a kilomita 10 shi ne minti biyar da rabi a kowace kilomita. Gudun da kake yi kullum da safe shi ma minti biyar da rabi ne. Ashe kwana biyar a mako tsere kake yi, kai kaɗai, babu lamba a ƙirji. Gudun ya yi tsanani da yawa har ba ya barin jiki ya murmure, bai kuma kai tsananin da zai ƙara maka sauri ba, sannan bai taɓa wuce kilomita 6 ba. Jikinka ya haddace minti 33. Da ka wuce nan ka shiga inda bai sani ba, shi ya sa ta bakwai take kayar da kai kowane lokaci.

Shekarata 61, na haura shekara talatin ina gudu, kuma shekaru shidan farko irin naka na yi. Abin da zan ce ka yi zai yi maka wuyar karɓa: ka rage sauri. Yawancin kwanaki ka koma wajen minti bakwai a kowace kilomita, ko ma fiye, duk inda za ka iya hira. Rana ɗaya a mako ka tsawaita, kilomita 8 wannan makon, 9 na gaba, a hankali har ka kai 13 ko 14. Rana ɗaya tak ka yi mai zafi. Sauran ka huta ko ka yi sassarfa.

Wannan ba ƙirƙirata ba ce. Akwai wani mai bincike, Stephen Seiler, da ya daɗe yana aiki a Norwe yana bin diddigin atisayen manyan 'yan wasan juriya, masu gudu da masu keke da masu tuƙin kwale-kwale. Abin da ya dinga gani shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari na atisayensu mai sauƙi ne, wajen kashi 20 ne kawai mai tsanani. Tun kafin shi ma, kocin gudu Arthur Lydiard ya sa ɗalibinsa Peter Snell gudun mil 22 a tuddai, alhali mutumin mita 800 yake tsere. Snell ya ci zinare a gasar Olamfik ta Rum a 1960, ya kuma ci biyu a Tokiyo a 1964.

Auta Mai Wuta:
Kawu, da girmanka, a nan ban yarda ba. Mutanen da ake kawo mana misali da su suna yin kusan kilomita 200 a mako. Kashi 20 na 200 kilomita 40 ne na wuta zalla. Yaya Baban Amira 30 yake yi gaba ɗaya. In ka ce ya mayar da 24 sassarfa, me ya rage? Mai awa goma sha biyu a mako dole ya sassauta, in ba haka ba ya karye. Mai awa uku ba shi da lokacin ɓatawa. Ana ɗauko tsarin wanda gudu ne sana'arsa ana ɗora wa mai zuwa aiki ƙarfe takwas.

Kawu Mai Sassarfa:
Auta, maganarka akwai ƙamshin gaskiya, ba zan ƙi ta duka ba. Mai fita kwana uku kacal a mako ba sai ya zauna yana lissafin kashi-kashi ba: ɗaya mai zafi, ɗaya mai tsawo, ɗaya mai sauƙi, shi ke nan. Amma ka lura da abu biyu. Kai shekararka 24, in ka kwana ɗaya ka warware. Na biyu kuma, sauri ba shi ne abin da ɗan'uwanka ya rasa ba. Wanda ya yi kilomita 5 a minti 26 yana da saurin. Abin da babu shi ne jikin da zai riƙe saurin har ƙarshe, kuma zagayen mita 400 sau uku a mako ba zai ba shi wannan ba. Ga ƙwauri yana ciwo tun yanzu.

Malam Lissafi:
Bari in sa lamba a maganar Kawu. Akwai wata dabara da wani injiniya Ba'amurke, Peter Riegel, ya fitar a 1977 don hasashen lokacin tsere daga wani tseren. A taƙaice, in nisa ya ninka biyu, lokaci yana ninkawa wajen sau 2.08 ga wanda ya yi atisayen da ya dace da nisan. Minti 26 sau 2.08 ya ba mu minti 54 da 'yan daƙiƙu. Wato Baban Amira ya riga ya mallaki minti 55 ɗin da yake nema, a takarda. Tazarar minti huɗu zuwa bakwai da ke tsakanin takarda da titi, juriya ce da kuma yadda yake tashi. Baban Amira, kilomitarka ta farko a tseren ƙarshe minti nawa ce?

Baban Amira:
Na duba agogo yanzu. 4:48. Ta biyu 4:57.

Malam Lissafi:
Subhanallah. Ka tashi da saurin da ya fi na kilomita 5 ɗinka mafi kyau, wanda yake 5:12. Bashi ka ci a minti goman farko, kilomita ta bakwai kuma ranar biya ce.

Maman Walid:
Ku yi haƙuri in katse ku, maganar ƙwaurin nan ta fi damuna a kan minti 55. A sashen gashin ƙashi nake aiki, kuma masu gudu irinku muna ganinsu. Baban Amira, ka sa yatsa ka bi gefen ƙashin ƙwaurin ta ciki daga sama zuwa ƙasa. In ciwon ya bazu ne a wuri mai tsawo kamar faɗin tafin hannu, yana tashi a farkon gudu sannan ya lafa in jiki ya ɗumama, galibi wahalar da aka ɗora wa wurin ce ta yi yawa, rage nauyin atisaye yakan gyara shi. In kuwa wuri ɗaya ne tak da za ka iya rufewa da kan yatsa, yana ƙaruwa kana cikin gudu, ko yana damunka kana tafiya ko kana kwance da dare, ko ba ka iya tsalle da ƙafar ita kaɗai, to ka ajiye takalmi ka je a duba ka. Ƙashi yana iya tsagewa a hankali saboda yawan duka, kuma wanda ya ci gaba da gudu a kai yana mayar da jinyar makonni ta koma ta watanni.

Abin da mutane ba su sani ba, zuciya da huhu suna saurin sabawa, cikin makonni kaɗan za ka ji numfashi ya daidaita. Ƙashi da jijiyoyi, musamman agara, watanni suke ɗauka. Sai mutum ya ji ƙirjinsa yana ce masa ƙara, ya ƙara, ƙafa kuwa ba ta iso wurin ba tukuna. Auta ƙanena, shi ya sa shawararka take ba ni tsoro a kan wannan ƙafar.

Baban Amira:
Na gwada Anti. Ya bazu ne, kuma yana lafawa bayan kamar minti goma. Tsalle ma na yi, babu zafi sosai.

Maman Walid:
Alhamdulillah. To ka huta kwana uku ko huɗu, ka dawo a hankali, in da hali wasu ranakun ka sauka daga kwalta ka bi ƙasa. Sau biyu a mako ka tsaya a bakin matakala ka ɗaga dunduniya sama ka sauke a hankali, sau goma sha biyar, zubi uku. In ya canza kama ya koma irin na biyun da na faɗa, kada ka tsaya tambayar zaure.

Ummu Sultan:
Don Allah tunda ana maganar ciwo. Ni wata biyu ke nan da na fara, kuma kowa a gida cewa yake zan lalata gwiwata kafin in kai hamsin. Gaskiya ne?

Maman Walid:
'Yar'uwa, an yi wani nazari a 2017 da ya tattara bincike da yawa a kan mutane sama da dubu ɗari. Ciwon amosanin gwiwa ko ƙugu ya bayyana a wajen kashi 3.5 na masu gudun nishaɗi irinmu, kashi 10.2 na marasa motsa jiki, da kashi 13.3 na masu gudun gasa na ƙwararru. Wannan bai nuna cewa gudu magani ba ne, don mai lafiyar gwiwa shi ya fi daɗewa yana gudu tun asali. Amma ya isa ya nuna cewa sassarfar da kike yi ba ita ke cinye gwiwa ba. Abin da ke jawo rauni shi ne ƙara nisa ko sauri farat ɗaya.

Malam Lissafi:
Shi ya sa ake cewa kada ƙarin nisan da ake yi a mako ya wuce kashi 10 cikin ɗari.

Maman Walid:
Ana faɗa, kuma a matsayin birki ba laifi. Sai dai an gwada ta a Holan a 2008 da sababbin masu gudu sama da ɗari biyar. Rabi suka bi tsarin kashi 10 na mako goma sha uku, rabi suka bi na mako takwas, kuma a ɓangarorin biyu kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ji rauni. Don haka ni na fi gane mutum ya saurari ƙafarsa, kuma duk mako na huɗu ya rage nisa.

Anti Ladi:
Ummu Sultan, ki ci gaba abinki. Ni ina da shekara 45 na fara, minti ɗaya gudu minti biyu tafiya, ina jin kunyar kada a ganni ina tafiya. Yanzu na gama rabin gudun fanfalaki sau huɗu, kilomita 21.1, kuma har gobe tafiya nake sakawa: minti tara gudu, minti ɗaya tafiya, tun daga kilomita ta farko, ba sai na gaji ba. Wanda ya yaɗa wannan tsarin, Jeff Galloway, ya wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 1972 a tseren mita 10,000. In irinsa bai ga aibun tafiya ba, ni wace ce?

Baban Amira, abin da Kawu bai gaya maka ba shi ne gudu a hankali ya fi gudu da sauri wuya, ba a ƙafa ba, a zuciya. Za ka fita, wanda ka saba wucewa ya wuce ka, ya waiwayo ya tambaye ka ko lafiya. Za ka ɗora gudun a manhaja kowa ya ga minti bakwai. Mako biyun farko za ka rantse baya kake komawa. A nan yawancin mutane suke watsar da tsarin.

Kawu Mai Sassarfa:
Wallahi Hajiya kin faɗi abin da na manta. Shi ya sa nake cewa a samu abokin fita, a yi ta hira. Hirar ita ce ma'auni, ta fi agogo.

Baban Amira:
Agogona yana nuna bugun zuciya. In bi shi? Ya ce iyakar bugun zuciyata 182 ne a minti.

Malam Lissafi:
Ya cire shekarunka ne daga 220, shi ke nan, bai auna ka ba. Akwai wani lissafin na 2001 da ya fi shi, 208 a cire shekaru sau 0.7, kai zai ba ka 181, kusan ɗaya. Amma duka biyun matsakaicin jama'a ne, mutum ɗaya yana iya saɓawa da bugu goma ko fiye sama ko ƙasa. Ga agogon hannu yakan rikice in ya yi sako-sako. Ka dinga kallonsa don ka san kanka, amma in shi da numfashinka suka yi saɓani, numfashi za ka bi.

Auta Mai Wuta:
To na ji. Amma ranar mai zafin nan guda ɗaya da kuka bar masa, don Allah ta zama mai zafi da gaske. Kada ita ma a mayar da ita hira.

Kawu Mai Sassarfa:
A nan muna tare ɗari bisa ɗari, kuma kai ka fi ni sanin wannan. Tsara masa.

Auta Mai Wuta:
Yaya, bayan ƙwaurin ya lafa. Ɗumama jiki minti goma sha biyar tukuna, kada ka tsallake. Makonni ukun farko ka yi wasa da sauri kawai, abin da 'yan Suwidin suka ƙirƙiro tun shekarun 1930: minti ɗaya da ƙarfi, minti biyu sassarfa, sau takwas, babu ruwanka da agogon nisa. Daga mako na huɗu, kilomita ɗaya sau huɗu a 5:10, hutun minti biyu tsakani, ka ƙara zuwa sau biyar ko shida in ta karɓe ka. Wani makon ka musanya da minti ashirin a jere a 5:35. Sharaɗi ɗaya: ta ƙarshe ta zama daidai da ta farko. In ta farko 4:45 ce ta ƙarshe 5:30, ka maimaita kuskuren tseren ne a ƙaramin faifai. Kwana goman ƙarshe ka rage komai kusan rabi, ka iso layin farawa da ƙafa mai ɗoki.

Yaya Mai Keke:
Ina ta bin ku shiru. Ni gudu na ɗan rage, yanzu na fi taimakawa wajen shirya tsere, awon hanya da tsayuwa a teburin ruwa. Akwai abubuwan ranar tsere da nake gani kowace shekara suna cinye wa mutane mintuna, bari in zayyana tunda saura mako goma.

Na farko wurin tsayawa. Kowa so yake ya tsaya a sahun gaba, sai igiyar mutane ta ja shi da saurin da ba nasa ba. Ina kyautata zaton 4:48 ɗin nan daga nan ta fito. In tseren yana da ɗan guntun na'ura a jikin lambar ƙirji, lokacinka yana farawa ne sa'ad da ka taka layin, ba sa'ad da aka busa ba, don haka babu asarar da ka yi in ka tsaya a tsakiya. Lokacin busa na masu neman kambu ne.

Na biyu, kullum bayan tsere sai an zo mana da agogo ana cewa hanyarku ta yi tsawo, ga shi ya nuna kilomita 10.15. Ga yadda ake awo. Ana ɗaura wa ƙafar keke ta gaba wani ɗan ma'auni mai ƙirga juyawa, wanda Alan Jones ya ƙera a 1971. Kafin awo da bayansa ana gwada keken a miƙaƙƙen wuri da aka auna da tef ɗin ƙarfe, don ko zafin rana yana canza iskar taya. Sannan mai awo ya bi hanya mafi gajarta da ɗan tsere zai iya bi, yana yanke kowace kwana kusa da gefe. A ƙarshe a ƙara mita ɗaya a kan kowace dubu don kada hanya ta gaza, wato mita 10 a tseren kilomita 10, mita 42 a cikakken fanfalaki na kilomita 42.195. Kai kuwa kana kauce wa mutane, kana buɗe kwana, kana ratsawa teburin ruwa, ga agogo yana tsalle-tsalle in ka shiga tsakanin dogayen gine-gine ko ƙarƙashin bishiyoyi. Dole ya nuna fiye. Abin da wannan ke nufi gare ka: in agogo ya ce kana 5:30, a alamomin hanya wataƙila 5:34 kake. Ka dinga danna agogo a kan alamar kilomita ka yi lissafi da ita.

Baban Amira:
Ikon Allah. Ni na ɗauka masu shiryawa ne suke sakaci.

Yaya Mai Keke:
Akwai masu sakaci, ban musa ba. Na taɓa gudun wani tsere da aka ce kilomita 10 ne, kowa ya karya tarihinsa da minti uku, daga baya aka gano da mota aka auna, an kuma ajiye wurin juyawa kafin inda ya kamata. Na yi wata guda ina murnar lokacin da ba nawa ba, kuma abin ya yi min ciwo da na sani. Ka tambaya ko an auna hanya da keke kafin ka ɗora burinka a kanta. In agogon kowa ya nuna ƙasa da nisan, wannan ne abin zargi.

Ummu Sultan:
Ruwa fa? Ni a kowane tebur nake tsayawa in sha kofi biyu don tsoron faɗuwa.

Maman Walid:
Ki sha in kin ji ƙishirwa, kada ki tilasta. A kilomita 10 da sanyin safiya 'yan kurɓi sun isa. Yawan ruwa ma yana da haɗarinsa a dogon tsere, yana tsarma gishirin jini. A gudun fanfalakin Bostan na 2002 an gwada jinin masu gudu 488 a layin ƙarshe, kashi 13 cikin ɗari gishirin jininsu ya yi ƙasa, kuma waɗanda suka fi daɗewa a hanya suna ta sha sun fi shiga haɗarin. In kuma ana zafi, labari ya canza: ki sassauta gudun, ki zuba ruwa a kai, jiki yana buƙatar kwana goma zuwa goma sha huɗu kafin ya saba da zafi. Kuma wannan ga kowa da kowa: ciwon ƙirji, jiri, ko ruɗewa, a tsaya nan take a nemi masu agaji. Babu lambar yabon da ta kai.

Anti Ladi:
Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon takalmi, sabuwar safa, sabuwar riga, duk a gwada su a dogon gudu tun da saura makonni. Bororo ɗaya a ɗan yatsa ya isa ya ɓata wata uku na wahala.

Auta Mai Wuta:
Yaya, takalminka ma kilomita nawa ya ci? In tun shekara biyun nan shi ne, ya haura 2,000, alhali yawanci tsakanin 500 da 800 ake canzawa. Ƙila da hannunsa a ciwon ƙwaurin.

Baban Amira:
Shi ne tun farko. Zan canza. Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na rubuta komai a takarda na manna a ƙofa. Kawu, ranar tseren yaya zan raba?

Kawu Mai Sassarfa:
Kilomita biyun farko 5:40, ko da kana jin kamar an ɗaure ka. Za a wuce ka da yawa, ka bar su. Daga ta uku zuwa ta bakwai 5:30. Daga nan abin da ya rage a jiki naka ne, ka kashe shi. Kelvin Kiptum da ya gama cikakken gudun fanfalaki a awa 2 da daƙiƙa 35 a Shikago a 2023, rabin farko ya yi shi a 60:48, na biyu a 59:47. Sannu ba ta hana zuwa.

Shugaban Zaure:
Na maƙala wannan muhawara a sama don sababbin shigowa. Baban Amira, muna jiran labari.

*Bayan mako goma*

Baban Amira:
Assalamu alaikum. Na dawo da rahoto kamar yadda na yi alkawari. 55:40. Ban kai 55 ba, saura daƙiƙa arba'in, amma ban taɓa jin tsere irin wannan ba. Rabin farko 28:10, na biyu 27:30. Da na iso alamar kilomita ta bakwai gabana ya faɗi, ina jiran nauyin nan ya sauko. Bai zo ba. Ni ne na dinga wuce mutane, har da wasu da suka fice ni a guje tun a ta farko. Agogo ya nuna 10.13, ban yi wa kowa ƙorafi ba Yaya Mai Keke.

Gaskiyar Anti Ladi, mako na biyu saura kaɗan in watsar. Wata rana na kasa daurewa na koma tsohon saurina, washegari ƙwaurin ya tuna min. Daga nan ban sake ba. Dogon gudu na kai kilomita 14 sau biyu. Ranakun Auta kuwa sau biyu na tsallake saboda aiki.

Auta Mai Wuta:
Barka Yaya! Daƙiƙa arba'in ɗin nan suna cikin ranaku biyun da ka tsallake, ni dai ban sauka daga kan wannan ba. Amma in faɗi gaskiya, ni ma na sassauta gudun Litinin da Alhamis tun bayan muhawarar nan, kuma ranar zagaye ƙafata ta fi sauƙi.

Malam Lissafi:
Ko kuma suna cikin kilomita biyun farko. Nawa ka yi su?

Baban Amira:
5:52 da 5:44. Cunkoso ya riƙe ni, na tsaya baya da yawa.

Yaya Mai Keke:
To wancan karon ka yi gaba da yawa, wannan ka yi baya da yawa. Na gaba ka nemi masu riƙe da alamar minti 55 in akwai, ka tsaya dab da bayansu.

Baban Amira:
In sha Allah. Yanzu akwai rabin fanfalaki nan da mako bakwai, abokai suna ta ce min in yi rajista tunda jiki ya karɓa. Kawu, me kuka gani?

Kawu Mai Sassarfa:
Barka da arziki ɗana, na ji daɗi ƙwarai. Wannan makon sassarfa kawai, kwana biyu ko uku, kada ka taɓa sauri. Na mako bakwai ka bar shi ya wuce, ƙwaurin nan bai daɗe da yin shiru ba, daga 14 zuwa 21 kuma ba nan kusa ba ne. Ka nemi wanda yake nan da wata huɗu. Maman Walid, ko kin ga akasin haka?

Maman Walid:
Wata huɗun dai Kawu. Baban Amira, ɗaga dunduniyar nan a bakin matakala, kana yi har yanzu ko ka daina da ciwon ya tafi?